Ranku Ya Daɗe, Masu Rumbun Gajimare

Duk wanda ya taɓa kwana a Wudil daren Juma'a ya san yadda garin yake cika tun kafin a kira assalatu. Motocin shanu suna ta sauke kaya, kara ta turnuƙe da ƙura, dillalai sun naɗe hannun riga. Mu da muka taso muna kallon wannan hada-hada mun ɗauka mun san ciniki. Mun ɗauka fatoman da ya sauki baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya riƙe masa kuɗinsa, sannan ya karɓi la'adarsa bayan an sallama, shi ne ƙarshen iya neman kuɗi. Ashe duk 'yan koyo ne. Yau na zo in durƙusa in yi jinjina ga gwanayen gaske, Amazon da Microsoft da Google, masu rumbun da ake cewa yana cikin gajimare. Ranku ya daɗe. Allah ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Bari in fara da bayyana wa ɗan'uwana mai karatu abin da suke ajiyewa, don ya san girman waɗanda muke gaisarwa. Kowace manhaja da ke cikin wayarka tana da rumbu a bayanta. Idan mai POS na bakin gada ya zura katinka, akwai wata kwamfuta a wani wuri da take buɗe shafinka, ta rage abin da ka cira, ta rubuta saura. Sakamakon jarrabawar ɗalibi, sunan majinyaci da maganin da aka rubuta masa, bashin da ɗan kasuwa yake bin abokan cinikinsa, duk a irin wannan rumbun bayanai suke kwana. Rumbun yana buƙatar kwamfutar da ba ta barci, da wutar da ba ta ɗaukewa, da sanyi, da mai kula da zai riƙa kwafe kayan yana ɓoyewa a wani wuri saboda tsautsayi. Yawancin masu manhaja ba sa iya gina wannan da kansu, sai su kama haya. Masu ba da hayar su ne masu gajimare, kodayake babu komai a sama. Manyan gine-gine ne a jihar Birjiniya ta Amurka, da Dablin, da Farankfot. Amazon da Microsoft da Google, gidaje ukun da na ambata, suna riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na wannan kasuwa a duniya. Reshen gajimaren Amazon kaɗai, wato AWS, ya yi cinikin sama da dala biliyan 107 a 2024, abin da ya ninka kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Najeriya na wannan shekarar fiye da sau biyu. Wa ya isa ya ga irin wannan ya ƙi cire takalmi?

Halinku na farko da ya cancanci yabo shi ne girmama aikin wasu. A 2010 wani mai suna Shay Banon ya fitar da Elasticsearch, manhajar da ke binciko abu a cikin tarin bayanai cikin ƙiftawar ido. Ya sake ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara, kamar mutumin da ya haƙa rijiya a bakin hanya ya rataye guga. A 2012 shi da abokansa suka kafa kamfanin da aka sani da Elastic, da nufin su ci abinci ta hanyar kula da manhajar ga masu son a kula musu. A 2015 sai Amazon ya ga rijiyar tana da daɗin ruwa, ya kawo tankarsa ya cika, ya buɗe shagon sayarwa. Saboda tsabar karamci ko sunan bai canza ba, ya liƙa nasa a gaba, ya kira shagon Amazon Elasticsearch Service. Wane girma ya wuce a ɗauki sunan ɗanka a rubuta a ƙofar gidan attajiri? Amma mutanen Elastic, da yake ba su san alheri ba, sai suka tafi kotu a 2019 a kan sunan, ba a sasanta ba sai 2022.

A watan Janairun 2021 mai rijiya ya gaji, ya sa mata murfi. Ya canza lasisi yadda mai tanka ba zai ƙara ɗiba ya sayar ba sai da yarjejeniya. A nan ne kuka nuna wa duniya ku masu kishin talakawa ne. Amazon ya tara jama'a ya ce an tauye 'yancin masu shan ruwa, ya kwafi manhajar daga inda take kafin a sa murfi, ya raɗa mata suna OpenSearch, ya ci gaba da cinikinsa. Mai tanka ya zama gwarzon 'yanci, mai haƙa ya zama marowaci. Ko marokin da ya fi kowa baki a Kano ba zai iya juya zance haka ba.

Kuma ba sau ɗaya kuka yi ba, balle a ce dace ne. MongoDB ya canza lasisinsa a Oktoban 2018, a Janairun 2019 Amazon ya fito da DocumentDB, rumbun da ya ƙera da kansa amma ya koya masa yaren MongoDB, don mai manhaja ya sauya gida ba tare da ya sha wahalar sauya rubutunsa ba. Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan tsibirin Sisili ya fara rubutawa a 2009, ya yi shekaru yana kawo muku kuɗi. Da kamfanin da ke riƙe da shi ya canza lasisi a Maris 2024, ba a yi kwana goma ba aka sanar da kishiyarsa Valkey, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle. Daga baya Elastic da Redis duk suka sassauto suka ƙara buɗaɗɗen lasisi, ɗaya a 2024, ɗaya a 2025, bayan an riga an raba musu kasuwa gida biyu. In faɗi gaskiya don kada a ce na yi muku ƙage: ba ku karya doka ba ko da ƙwayar zarra. Lasisin farko ya yarda kowa ya ɗiba. Wanda ya rubuta shi yana tunanin matafiyi mai buta ne, laifinsa ne da bai hango tanka ba. Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma gardi ko ba komai yana ciyar da kurarsa.

Za a ce ai MongoDB bai mutu ba, Elastic ma yana nan da ransa yana ciniki. Haka ne, kuma a nan ne hikimarku ta fi burge ni. Ina suke ajiye kayan abokan cinikinsu? Rumbun haya na MongoDB mai suna Atlas a kan kwamfutocin Amazon da Microsoft da Google yake zaune. Supabase, da samarinmu masu koyon rubuta manhaja suke so saboda sauƙinsa, a gidan Amazon yake haya. Ka ƙaddara a karar Wudil mutum ɗaya ne yake da filin, shi yake da hanyar shiga, shi yake da turakun ɗaure shanu da rijiyar shayar da su, sannan shi ma yana da nasa garken a bakin ƙofa, inda mai saye zai fara tsayawa. Idan ƙaramin dillali ya yi kasuwa, mai fili ya karɓi kuɗin haya. Idan ya karye, mai fili ya gaji abokan cinikinsa. Kuma dole farashin ƙaramin ya ɗauki kuɗin hayar da mai fili ba ya biyan kowa. Wannan shi kuke kira gasa, kuma wallahi sunan ya dace, domin ana gasa wani a ciki.

Wanda ya yi taurin kai ya girma duk da haka, shi ma an tanadar masa mutunci. A 2025 Databricks ya saye Neon, ƙaramin kamfanin da ke ba da hayar rumbun PostgreSQL, a kan kusan dala biliyan ɗaya, Snowflake kuma ya saye Crunchy Data a shekarar. Masu sayen su ma a gidajenku uku suke haya. Masuntan kogin Wudil sun san giwan ruwa ba ya tambayar ƙaramin kifi sunan ubansa. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne kifin da ya mallaki kogin.

Sai kyauta, wadda a kanta babu na biyunku. Sabon kamfani da bai ko fara samun kuɗi ba, idan ya zo ta hannun masu zuba jarin da kuka sani, kuna iya ba shi damar amfani da kayanku na har dala dubu 100 ba tare da ya biya ba. Shigo da bayanai gidanku kyauta ne, ko nawa ne. Yaro ya shigo, ya baje kayansa, ya gina manhajarsa a kan kayan aikin da babu irinsu a ko'ina sai gidanku. DynamoDB, misali, ba a samun hayarsa sai a wurin Amazon. Ranar da kyauta ta ƙare, takardar biya ta iso, yaro ya ce zai tashi, sai ya tarar fitar da kaya yana da kuɗinsa, kusan dala 90 a kan kowane terabayit a farashin da aka saba, ban da watannin da zai yi yana sake rubuta manhajarsa don ta fahimci sabon rumbu. A garinmu ana kiran wannan shigo-shigo ba zurfi, amma mu mutanen ƙauye ne, ba mu iya sa wa abu suna mai daɗi ba. Ka taɓa ganin mai rumbun da zai karɓi hatsinka da fara'a lokacin kaka, ya ce maka kada ka damu da komai, sannan da bazara ya auna maka kuɗin kowane kwano da za ka fitar daga naka hatsin? Da a ƙauye ne da an kai shi gaban dagaci. A Amurka kuwa lambar yabo ake ba shi.

A farkon 2024 kuka sanar, Google a Janairu, Amazon da Microsoft a Maris, cewa kun yafe kuɗin fita ga wanda zai kwashe kayansa ya bar gidan, idan ya nemi izini ya bi ƙa'ida. Masu baƙin ciki suna cewa wai dokar bayanai ta Tarayyar Turai ce, wadda ta fara aiki a Janairun shekarar, ta sa ku. Ni na fi yarda tausayi ne ya sauko wa gidaje uku a cikin wata uku. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ma ta shafe kusan shekara biyu tana bincike, ta fito a Yulin 2025 ta ce gasa ba ta tafiya daidai a wannan kasuwa, ta ambaci kuɗin fita da wahalar sauya gida. Me Turawan Ingila suka sani game da kamfanin da ya mamaye kasuwa? Ƙananan kuwa da suka yi ƙoƙarin kwaikwayon kyautarku, aljihunsu bai jure ba. PlanetScale ya rufe tsarinsa na kyauta a 2024, ɗalibai da yawa suka kwashe 'yan rumbunansu suka nemi wata inuwar.

Ba zan manta da ƙaunar da kuke yi wa Afirka ba. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Kef Tawun a 2020, Google a Johanasbag a 2024. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ta samu ɗan reshen Amazon a Legas a 2023. Inuwar giginya ce, ranku ya daɗe, amma ai inuwa ce. Kuma kun koya mana lissafin da makaranta ta kasa koya mana. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Yuni aka sake ta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai ƙaramar manhajar da ke biyan dala 200 a wata, wato kusan naira dubu 92, ya wayi gari ana binsa dubu 300, bai ƙara abokin ciniki ko ɗaya ba, kuma makarantar da yake yi wa aiki ba za ta ƙara masa sisi ba. A wannan tsakanin ne kamfanonin gida irin su Nobus da Layer3, masu karɓar naira, suka fara ganin baƙin fuskoki a ƙofarsu. Sai ga shi a Janairun 2025 Amazon ya sanar cewa shi ma zai karɓi naira. Shekara da shekaru muna fama da katin banki da ke ƙin biyan dala ba ku ji kukanmu ba, amma da 'yan ƙananan suka fara samun na cefane, nan take kunnenku ya buɗe. Farashin dai a kan dala ake yanka shi, a juya maka zuwa naira a canjin ranar. An sauya wa tuwo suna, an kuma toshe 'yar kafar da na gida yake shan iska.

Aminci kuma, wannan ba a magana. Shi ne ma hujjar da kowane babban jami'i yake kafawa idan ya ƙi ba na gida aiki: su waɗancan ba sa faɗuwa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna a Najeriya suka shiga ruɗani, mutum yana tsaye a gaban mai shago da kuɗinsa a asusu amma ba ya iya biya. Ranar 20 ga Oktoba 2025 kuma matsala ta taso daga DynamoDB ɗin nan a cibiyar Amazon ta Birjiniya, ta ja manhajoji masu yawa a faɗin duniya suka durƙushe na sa'o'i, har da Snapchat da wasu bankunan Birtaniya. Na ga adalci a wannan. A da idan kwamfutar wani kamfani ta lalace shi kaɗai yake kuka. Yanzu kun haɗa kan duniya, Bature da Bahaushe, kowa ya zauna ya rafka tagumi a lokaci guda. Ga kuma dokar da Amurka ta kafa a 2018, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanin Amurka ko a wace ƙasa ya ajiye su. Don haka amanar da muka ba ku tana da masu gadi fiye da waɗanda muka sani, kuma ba a caje mu kuɗin ƙarin gadin ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana nan cikin garinmu. Tun 2001 Wudil take da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka mayar da sunanta zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. Duk shekara tana yaye yara da suka karanta kwamfuta, kuma a cikinsu akwai masu kai. A ce ɗaya daga cikinsu ya ƙudura zai kafa ɗan kamfanin da zai riƙe wa makarantu da shagunan magani da 'yan kasuwar hatsi rumbunansu a nan Kano, da naira, da Hausa, da lambar wayar da za a kira a samu mutum. Ilimin ba gagararre ba ne. PostgreSQL, wanda asalinsa ya faro a jami'ar Bakli ta Kalifoniya tun 1986, kyauta ne, kuma manyan kamfanonin duniya da shi suke aiki. To amma kwamfutocin da dala zai saye su. Wuta, tun Afrilun 2024 masu layin da ake kira na gata suka koma biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, kuma a Oktoban shekarar Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata lantarki. Banki zai ba shi bashi da ruwan da ya kusa kashi 30 cikin ɗari, in ma ya ba shi. Idan ya tsallake duk wannan ya je neman aiki, za a tambaye shi wa ya taɓa yi wa, alhali maƙwabcinsa a kasuwar yana raba kyautar dala dubu 100. Wannan yaron nake gani idan na rufe ido, kuma zuciyata ba ta yi mini daɗi a kansa.

Amma kun tanadar masa mafita, Allah ya saka. Kuna da kwasa-kwasai da takardun shaida, a gidan Amazon jarrabawar farko dala 100, ta gaba dala 150. Idan ya ci, ya zama ƙwararre a kan kayan gidanku, ya san kowane lungu na rumbun da ba nasa ba, kuma duk ma'aikatar da ta ɗauke shi aiki, gidanku zai kai ta, domin shi ya iya. Ya biya kuɗinsa an koya masa ya zama ɗan aikenku. Mun taɓa ganin irin wannan tsari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, a 1929 aka haɗe manyansu aka yi UAC. Mu ne masu noma, mu ne masu dako, mu ne masu tara dala a filin Kano, farashi kuma daga Ingila ake aiko shi. Amma ko a wancan zamanin an bar wa Alhassan Ɗantata, kakan mahaifiyar wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, gurbin da zai tsaya a tsakiya ya yi arziki, kuma manomin gyaɗa ana ba shi wani abu a hannu idan an ɗauki buhunsa. Ku kun gyara waɗannan kura-kurai guda biyu. Mu ke kai kayan, mu ke biyan kuɗin ajiya, mu ke biyan kuɗin ɗauka.

Kada in yi rowar yabo, shugabanninmu ma suna da kaso. Tun 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kano ya buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone, wadda ba ta wuce tafiyar awa guda daga Wudil ba. An yanka ƙyalle, an tafa, an ɗauki hoto. Ina fatan ranar da za a ce ga ɗan kusurwa a irin wannan gini an ware wa yaran jami'o'in jihar nan, su ɗora kwamfutocinsu a kan wutar da ba ta ɗaukewa, su fara da makaranta goma da asibiti biyu. Amma wannan ƙaramin buri ne irin namu na bakin kogi, bai kai a tsaya a kansa ba a zamanin da ake taron ƙasa da ƙasa ana rattaba hannu da manyan baƙi.

Juma'a mai zuwa kara za ta sake cika. Bafulatani zai sayar da bijiminsa, mai saye ya tura kuɗi ta waya, su biyun su tsaya a rana suna jiran saƙon banki ya shigo. A gefensu akwai saurayi a ƙarƙashin lema da 'yar na'urar POS a kan teburi, takardar digirinsa tana gida cikin akwati, yana ba su haƙuri yana cewa sabis ne, yanzu zai dawo. Ya san abin da ke faruwa a ciki dalla-dalla, zai iya zana maka shi a ƙasa da tsinke. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa daga Wudil. Wata ya kusa ƙarewa, a turo takardar biya.